Labarin Bududdugi da Takwaransa na Amurka

Cikin dukan dabbobin da malamin firamare ya kan ba da labarinsu a darasin nazarin halitta, babu wanda ya fi kwaɗo sauƙin samu, babu kuma wanda aka fi koyarwa daga littafi kaɗai. Malami ya kan tsaya gaban allo ya zana kwaɗon da ya gani a hoto, yara su kwafa, alhali kuwa kududdufin da ke bayan ajin cike ya ke da abin da a ke zanawa. Da yawa daga littattafan kimiyya da ke hannunmu, da hotunan da ɗalibai su kan samo a intanet, labarin kwaɗin ƙasashen sanyi su ke ba mu, musamman wani babban kwaɗo na Amurka ta Arewa. Abin da suka faɗa gaskiya ne a can, amma ba duka ne ya dace da Keffi ba. Don haka na ga ya kamata in ajiye kwaɗon nan na Amurka kusa da namu babban kwaɗon ruwa, watau bududdugi, mu duba inda suka yi kama da inda suka rabu, domin ku da za ku fita koyarwa ku san abin da za ku nuna wa almajiranku.

Kwaɗo ba iri ɗaya ba ne

Mu Hausawa kwaɗo mu ke ce wa kusan dukansu, amma masana sun ƙidaya fiye da iri 7,000 a duniya. Ko a filin kwalejin nan, mai lura zai iya rarrabe iri huɗu da damina. Akwai kwaɗon gida, mai kaushin fata da gajerun ƙafafu, wanda ya kan zauna gindin fitila da dare yana jiran ƙwari. Bayan idanunsa akwai kumburi biyu masu fid da wani farin ruwa mai ɗaci da guba, shi ya sa in kare ya cafke shi sai ya tofar yana dalala. Akwai wani siriri mai tsinin baki da dogayen ƙafafu, wanda ya kan tashi daga cikin ciyawa ya yi tsalle ɗaya ya ɓace. Akwai 'yan mitsi-mitsi da ba su fi kan ɗan yatsa ba, masu manne wa kara da ganye a bakin fadama. Sa'an nan ga bududdugi.

Bududdugi ba shi da wuyar ganewa. Macen ta fi namijin girma, ta kan kai santimita 13 daga baki zuwa gindi, namiji kuwa da wuya ya wuce 11. Launinsa kore ne mai duhu ko ruwan ƙasa, da dabbare-dabbare baƙaƙe, jikinsa kuma da santsi ƙwarai, har ba ya riƙuwa a hannu. Idanunsa da ƙofofin hancinsa a saman kai su ke, sabo da haka ya kan nutsar da jiki duka ya bar su kaɗai a waje, kamar yadda kada ke yi. In ka razana shi a bakin tafki, ya kan daka tsalle ya riƙa dirar saman ruwa sau biyu ko uku, kamar tsingaron da yaro ya jefa, kāna ya nutse. Alamar da ta fi duka ita ce wani ɗan tsagi mai haske da ya ratsa kansa daga bayan ido ɗaya zuwa bayan ɗayan. Sunansa wurin masana Hoplobatrachus occipitalis, kalma ta biyun nan kuwa ma'anarta “na ƙeya”, sabo da tsagin nan. Wani masani haifaffen Jamus mai aiki a Landan, Albert Günther, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1858. Ana samunsa tun daga Senegal har Habasha, kudu kuma har Angola da Zambiya. Danginsa na kusa suna Asiya, wajen Indiya da ƙasar Sin.

Shi kuwa na Amurka, Turawa suna kiransa da sunan da ma'anarsa ita ce kwaɗo-bijimi, gama in ya yi kuka da dare sai ka ce bijimi ne ke ruri daga nesa. Masana suna ce masa Lithobates catesbeianus. George Shaw ya sa masa suna a 1802, don tunawa da Mark Catesby, wani Bature mai zanen tsirrai da dabbobin Amurka. Asalinsa gabashin Amurka ta Arewa ne, daga kudancin Kanada zuwa jihohin kudu masu ɗumi. Ya fi namu girma, gama babba ya kan wuce santimita 15, nauyinsa ya kai rabin kilo. Ana gane namiji da dodon kunne, watau faifan fatar nan da ke bayan ido: na namiji ya fi idonsa faɗi, na mace kuwa daidai da idonta ya ke.

Abin da ya haɗa su

Ta wajen ƙirar jiki, abin da littafi ya faɗa a kan na Amurka ya zauna daidai a kan namu. Dukansu ba su da ɗumin jiki na kansu kamar mu, zafin jikinsu ya kan bi na wurin da su ke. Dukansu suna da huhu, amma ba su da haƙarƙarin da zai buɗe ƙirji, sai su tura iska ciki da ƙasan baki. Motsin nan da ku ke gani a maƙogwaron kwaɗo yana zaune, numfashi ne ya ke yi. Ban da huhu kuma suna shaƙar iska ta fata, muddin tana da danshi. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, fatar cikinsa da ta cinyoyinsa ita ke tsotse ruwa in ya zauna a wuri mai laima. Ku riƙe maganar fatan nan da kyau, za mu komo kanta.

Harshen kwaɗo a gaban baki ya ke maƙale, ba a baya kamar namu ba, yana kuma da yauƙi. In ƙwaro ya gifta sai ya wurga shi waje ya janyo, kafin ƙiftawar ido an gama. Ba ya tauna. In zai haɗiye ya kan rufe idanu, ƙwayoyin idon su lotsa cikin kai su taimaka wajen tura abinci ƙasa. Bududdugi da takwaransa duka haɗamammu ne. Duk abin da ya motsa, in dai zai shiga baki, abinci ne: fara, gyare, buzuzu, shinge, gizo-gizo, ƙananan kifi, har da ƙananan kwaɗi 'yan'uwansu. Na Amurka ma an sha samun ɓera da ɗan tsuntsu da ƙaramin maciji a cikinsa. Su kuma abinci ne ga zalɓe da shamuwa da guza da macizai da tarwaɗa.

Kukan da ya kan hana mu barci da damina na maza ne kaɗai, kiran mata su ke yi. Namijin bududdugi yana da 'yan jakunkuna biyu, ɗaya ko wane gefe ƙarƙashin muƙamuƙi, su kan kumbura in yana kuka su ƙara wa muryar ƙarfi. Ko wane irin kwaɗo da muryarsa, mace kuwa ta irinta ta ke bi. Saboda haka wanda ya saba ya kan gane irin kwaɗin da ke tafki da kunne, ko bai haska tocila ba.

Sanyi a can, rani a nan

To, ga inda hanya ta rabu. Abokin gaban kwaɗon Amurka sanyi ne, abokin gaban namu kuwa rashin ruwa. A arewacin ƙasarsa, in hunturu ya shiga saman tafki ya kan daskare ya zama ƙanƙara, har mutum ya taka. Amma ƙanƙara ba ta nutsewa, a sama ta ke tsayawa, ruwan ƙasa ya zauna bai daskare ba. Can kwaɗo-bijimi ya kan sauka ya kwanta a laka wata da watanni, ba ci ba motsi, zuciyarsa na bugawa a hankali, ɗan iskar da ya ke bukata yana samu ta fata. Akwai ma wani ƙaramin kwaɗon daji a can, Lithobates sylvaticus, wanda ya kai har Alaska. Shi ƙarƙashin busasshen ganye ya ke shiga, ya bari jikinsa ya daskare, zuciya ta tsaya, numfashi ya ɗauke. Hantarsa ce ta kan zuba sukari mai yawa cikin jini tun sanyi na farawa, sukarin ya tsare naman jikinsa kada ƙanƙara ta lalata shi. In ɗumi ya komo sai ya narke ya kama gabansa. Ikon Allah ya wuce tunanin ɗan Adam.

Mu a Keffi ruwa ya kan sauka wajen watan Afrilu ya ɗauke wajen Oktoba. Daga nan sai iskar hunturu ta busar da kududdufai ɗaya bayan ɗaya. Dabbar da ke numfashi da jiƙaƙƙiyar fata, ina za ta sa kanta? Ko wane iri da dabararsa. Kwaɗon gida ya kan shige rami, ko ƙarƙashin dutse, ko gindin randa. Akwai wani ƙato mai faɗin baki, na dangin da a ke kira Pyxicephalus, wanda ya kan tona ƙasa ya binne kansa, ya lulluɓe jiki da saɓar fatarsa rufi a kan rufi don kada ruwan jikinsa ya tsere, ya zauna haka har ruwa ya sake jiƙa ƙasa. Cikin 'yan mitsi-mitsin nan na fadama akwai Hyperolius nitidulus, wanda 'ya'yansa su kan manne a busasshen kara cikin tsakar rana, su naɗe ƙafafu, launinsu ya koma fari fat don ya mai da hasken rana baya.

Bududdugi bai iya ko ɗaya cikin waɗannan ba sosai, shi bin ruwa ya ke yi. In rani ya yi ya kan tattara a inda ruwa ba ya ƙafewa: guraben da su kan rage a rafuka irin su Antau, da rijiyoyin lambu a fadama, da manyan tafkuna. In ruwan farko ya sauka sai ya fita da dare ya bazu, ya nemi sababbin kududdufai da kwarmin duwatsu da gonakin shinkafa. Yara su kan ce kwaɗi daga sama su ke faɗowa tare da ruwa. Ba daga sama ba ne. Waɗansu daga ƙarƙashin ƙasa suka fito, waɗansu daga rafi suka taho cikin dare.

Tsere da rana

Me zai sa bududdugi ya bar babban ruwa ya je ya zuba ƙwai a ɗan kwarmin da zai iya ƙafewa? Dalili shi ne, babban ruwa da kifi a ciki, kifi kuwa ba ya barin ƙwan kwaɗo. Sabon kududdufi ba kifi, ga ɗumi, ga abinci. Amma ko wace riba da hasararta, gama in rana ta shanye ruwan kafin 'ya'yan su yi ƙafa, sun mutu duka.

Ku gwada da na Amurka. Shi a tafkin da ba ya ƙafewa ya ke haihuwa. Namiji ya kan hau bayan mace ya rungume ta, tana zuba ƙwai yana zuba nasa ruwan a kai, gama a waje ƙwan kwaɗo ke haɗuwa da na namiji, ba a ciki ba. Mace ɗaya ta kan zuba har ƙwai 20,000 a zama ɗaya, su shimfiɗu saman ruwa kamar tabarma, su ƙyanƙyashe cikin kwana 3 zuwa 5. Abin da ke fitowa shi ne ɗan kwaɗo mai wutsiya, wanda a ke kira talibambam. Na kwaɗo-bijimi ba ya gaggawa. A jihohin kudu ya kan rikiɗa cikin 'yan watanni, amma a arewa ya kan shekara 2, wani lokaci har 3, yana talibambam, yana kankarar gansakuka. Malamin da ya karanta wannan ya gaya wa yaran Keffi cewa talibambam ya kan shekara biyu a ruwa, ya koya musu abin da idonsu zai ƙaryata, gama wane kududdufi ne a nan zai jira shi?

Talibambam ɗin bududdugi cikin 'yan makonni ya ke gama komai. Abin da ke ba shi wannan sauri shi ne nama. Yawancin 'ya'yan kwaɗi gansakuka da ruɓaɓɓen ganye su ke ci, amma shi yana da ƙaƙƙarfan baki mai kaifi, yana farautar tsutsar sauro da talibambam na waɗansu kwaɗi, in kuma ya sami ƙanensa da bai kai shi girma ba, ba ya ƙyale shi.

Sabo da haka uwar tana da matsala biyu, ga ƙafewar ruwa, ga 'ya'yan da suka riga nata shiga. Waɗansu masana biyu na Jami'ar Würzburg ta Jamus, Marko Spieler da Eduard Linsenmair, sun bi wannan al'amari a kwarmin duwatsun kogin Comoé, a ƙasar Kwaddibuwa, suka buga abin da suka gani a 1997. Sun tarar bududdugi ba ya zuba ƙwai ko ina ya ga ruwa. Ya kan zagaya kwarmi-kwarmi dare bayan dare, ya bar waɗanda ruwansu ke saurin janyewa, ya zaɓi masu riƙe ruwa. Har wa yau ya kan kauce wa kwarmin da ke da ƙwai ko talibambam na irinsa, alama kuma ta nuna ta wani abu da su ke saki cikin ruwa ya ke gane suna nan, ko bai gan su ba. Ba ta kuma juye ƙwanta wuri ɗaya kamar ta Amurka, sai ta rarraba kaɗan nan kaɗan can. Manomin da ya shuka tudu ya shuka fadama, don in ɗaya ta ƙi ɗaya ta yi, bai fi ta dabara ba.

Yadda talibambam ke zama kwaɗo

Wannan shi ne abin da yara suka fi so su gani. Da fari talibambam kamar kifi ya ke, da abin shaƙar iska cikin ruwa a gefen kai, da wutsiyar iyo. Ƙafafun baya su ke fara tsirowa a gindin wutsiya. Na gaba suna girma a ɓoye ƙarƙashin fata, sai rana ɗaya su ɓullo. A lokacin nan huhu ya riga ya kama aiki, za ku ga yana yawan tasowa sama yana haɗiyar iska. Baki ya faɗaɗa, harshe ya fito, idanu su turo. Wutsiya kuwa ba guntulewa ta ke yi ta faɗi ba, jiki ne ke shanye ta kaɗan-kaɗan, da ita ya ke rayuwa a kwanakin da bakinsa ke sake ƙira ba ya iya cin komai.

Abin da ke ba da umurnin wannan canji duka wani ɗan ƙulli ne a wuya, irin wanda mu ma mu ke da shi, wanda in ya kumbura ga mutum a ke kira maƙoƙo. A 1912 wani masani mai suna Gudernatsch ya ciyad da talibambam da naman ƙullin nan, sai suka rikiɗa tun lokaci bai yi ba, suka zama kwaɗi 'yan ƙanana ƙwarai. Ƙullin ba ya aiki sai da sinadarin aidin, wanda a ke sa mana cikin gishiri. Kun ga darasin kwaɗo ya kai mu darasin kiwon lafiya.

Ciniki da abin da ke bayansa

A ƙasar nan akwai masu cin bududdugi, akwai waɗanda ba su ci, amma cinikinsa ya fi yadda yawancinmu mu ke zato. Wani bincike da Meike Mohneke da Abiodun Onadeko da abokan aikinsu suka buga a 2010 ya nuna mutum 32 kaɗai masu wannan sana'a a Nijeriya, kwaɗi fiye da miliyan biyu da rabi ke bi ta hannunsu a shekara, mafi yawa bududdugi. Daga Arewa a ke kamo su, da maƙwabta irin su Jamhuriyar Benin wajen Malanville, a busar, a ɗura a buhu, a kai kasuwannin kudu maso yamma. Har yanzu bududdugi ba ya cikin dabbobin da a ke tsoron ƙarewarsu a duniya, gama ƙasarsa da faɗi. Amma ku tuna da abin da muka faɗa a kan zamansa na rani. Sa'ad da kwaɗin yanki guda suka taru a gurbi ɗaya, dare kaɗan ya isa a kwashe su, manyan da mai kamu ya fi so kuwa su ne matan da za su yi ƙwai da damina. Wanda ya cinye iri, me zai shuka?

Labarin jihar Kalifoniya ta yammacin Amurka ya ishe mu ishara. Can da ba su da kwaɗo-bijimi, nasu wani ne mai jan ƙafa. Bayan da mutane suka kwararo neman zinariya daga 1849, cin cinyar kwaɗo ya zama abin yayi, aka dinga kama mai jan ƙafan nan dubbai ko wace shekara har ya yi wuya. Da 'yan kasuwa suka rasa, sai aka ɗauko kwaɗo-bijimi daga gabas wajen 1896. Baƙon ya tsere ya bazu, ya riƙa cin ɗan gida yana ƙwace masa wuri. Ga kuma cike fadamu da gine-gine. A 1996 gwamnatin Amurka ta sa mai jan ƙafa cikin dabbobin da ke cikin haɗari, bayan ya ɓace daga wajen kashi 70 cikin 100 na wuraren da a ke samunsa da. Kwaɗo-bijimi kuma an kai shi ƙasashe fiye da 40 don kiwo, ya zama annoba a da yawa cikinsu. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu kuwa ba ya fid da shi.

Bayan cin 'yan gida, yana ɗauke da wata cuta, wata irin funfuna mai kama fatar kwaɗi, wadda aka gano a 1998. Shi ba ta cika kashe shi ba, sai ya kai wa waɗansu. Tun da kwaɗo da fata ya ke sha ya ke numfashi, cutar fata gare shi ajali ce. Lissafin da aka buga a 2019 ya nuna ta rage yawan iri 501 na kwaɗi da danginsu, 90 daga ciki ana zaton sun ƙare. Wani babban lissafi na 2023 ya ce kashi 41 cikin 100 na dukan irin dabbobin nan suna cikin haɗari. Don haka in wani ya zo muku da shawarar shigo da kwaɗon Amurka don kiwo, ku ba shi labarin Kalifoniya. Indiya ma, inda ɗan'uwan bududdugi ya ke, ta hana fitar da cinyar kwaɗo zuwa waje a 1987, daga cikin dalilan da aka bayar har da ƙaruwar ƙwari a gonakin shinkafa.

A nan gida kuma akwai abu biyu da na ke gani da idona. Na ɗaya, gari yana faɗaɗa, musamman ta hanyar Abuja, ana cike kududdufai da fadamu ana gini. Na biyu, manomi ya kan gama feshin maganin ciyawa ko na ƙwari ya wanke famfonsa a tafki. Abin da ya shiga ruwa ya shiga jikin kwaɗo, fatar nan ba ta tace komai. Mai cinye mana fara da tsutsa kyauta ke nan mu ke kashewa, sa'an nan mu sayi magani da kuɗi. Malamanmu na addini sun san ruwayar da ke cikin littafin Abu Dawuda, cewa wani mai magani ya nemi izinin sa kwaɗo cikin haɗinsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe shi.

Abin da malami zai yi

Darasin nan ba ya bukatar kuɗi. Ku jira mako ɗaya ko biyu bayan ruwa ya zauna, ku nemi kududdufi kusa da makaranta. Kada ku bar yara su shiga ruwan da ƙafa, sabo da tsargiya. Ku ɗaura ludayi ko ɗan yankin gidan sauro a bakin sanda ku ɗebo daga gefe. Ku nuna musu bambancin ƙwai: na kwaɗon gida a jere ya ke cikin dogon zare mai yauƙi kamar carbi, na bududdugi kuwa a warwatse.

Ku zuba talibambam kamar 10 a faffaɗan kwano da ruwan kududdufinsu, ba ruwan famfo ba, gama maganin da ke cikinsa yana kashe su. Ku ajiye a inuwa, ku riƙa sa musu ɗan dafaffen alayyafo, kuna sake rabin ruwan bayan kwana biyu-biyu. In kun ga wani ƙato yana bin sauran yana cizo, ku ware shi a kwano dabam, ku ba shi tsutsar sauro, yara su ƙidaya nawa ya ke ci a yini. Da ƙafafun gaba sun fito ku sa dutse a ciki wanda zai hau, in ba haka ba ya nutse ya mutu. Ko wane yaro ya buɗe shafi a littafinsa, ya rubuta ranar da aka ɗebo, da ranar ƙafar baya, da ta gaba, da ranar da wutsiya ta ƙare, ya zana abin da ya gani, ba abin da ke allo ba. In an gama a mai da su inda aka ɗebo su, kowa ya wanke hannu.

Na ke roƙonku kuma abu ɗaya. Ko wace makaranta aka tura ku, ku buɗe littafi ku riƙa rubuta ranar da aka fara jin kukan kwaɗi ko wace shekara, da kududdufan da ke kusa, da wanda aka cike. Ku tambayi yara sunan ko wane irin kwaɗo da harshen gidansu, gama ƙasar Keffi harsuna da yawa gare ta, dattawa kuma sun san abin da bai shiga littafi ba tukuna. In kun tashi ku bar wa wanda ya gaje ku. Bayan shekara 10 littafin nan zai gaya wa mutanen garin ko kwaɗinsu na raguwa, yaran da suka rubuta shi kuwa su ne manoman da za su yanke shawarar inda za a wanke famfon feshi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.